Wahalolin Shuka Citta Mai Fure A Lambu: Gargaɗi Ga Mutanen Sabon Garin Wudil

Duk wanda ya shiga kasuwar Wudil ran Juma'a cikin shekarar 2024 ya taya citta, ya san lalle wani abu ya faru a inda a ke noma ta, gama kuɗinta ya ninka har ya sāke ninkawa. Masu kunun zaki da masu fura da masu shayi da masu haɗa yajin jego duk sun ji a jikinsu. Dalili kuwa shi ne wata annoba da ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna da daminar 2023.

Tsada irin wannan ta kan sa mai gida ya dubi bayan ɗakinsa, ko gefen lambunsa na bakin kogi, ya ce me zai hana shi ma ya binne 'yan yatsu kaɗan ya huta da saye. Wani kuma sha'awarsa ta ado ce, ya ga wani fure mai ƙanshi a gidan wani ma'aikaci ko wurin masu sayar da dashen furanni a bakin titin birni, an ce masa ai ɗan'uwan citta ne, ya sayo ya kawo gida. Dukansu biyu wahala iri ɗaya ce ke jiransu, don kuwa citta mai fure da cittar da mu ke ci dangi ɗaya ne, abin da ke kashe wannan shi ke kashe waccan. Sabo da haka mu ka ga ya kamata mu bayyana wa jama'ar Sabon Garin Wudil da na kewaye abubuwan da ke damun wannan tsiro, da dalilinsu, da yadda a ke yi musu, tun mutum bai yi asarar kuɗinsa da ƙarfinsa ba, tun kuma bai jawo wa maƙwabtansa masu lambu ciwon da babu shi a ƙasarsu ba.

ASALINTA DA DANGINTA

Citta mai fure baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta ƙasashen gindin duwatsun Himalaya ne, watau arewacin Indiya da Nefal da kudancin Sin, inda ruwan sama ya ke da yawa, iska kuma kullum da laima. Masana tsirrai suna kiranta Hedychium, sunan da wani masani mai suna Koenig ya raɗa mata a shekarar 1783, daga kalmomi biyu na Girkanci masu ma'anar daɗi da ƙanƙara, sabo da farin furenta da ƙanshinsa. Tana da iri kusan 80, amma biyu sun fi shahara a lambuna. Akwai fara, wadda furenta ya yi kama da malam-buɗe-littafi, ƙanshinta kuma ya fi tashi da maraice. Ita ce mutanen Kuba su ka ɗauka ta zama furen ƙasarsu. Akwai kuma rawaya mai jan zare a tsakiyar fure.

In ta sami wurin da ta ke so, karanta ya kan kai ƙafa 4 zuwa 6, ganyenta dogo kamar na masara, furen kuma a ƙolin kara ya ke fitowa. A ƙarƙashin ƙasa tana da saiwa mai kauri mai gaɓa-gaɓa, wadda in ka gan ta sai ka rantse citta mai yatsu ce. Amma fa ba ita ce cittar yaji ba, ɗanɗanonsu dabam ne, kada kowa ya haƙa ya kai kasuwa da sunan citta.

Danginta kuwa ba baƙi ba ne gare mu. Citta mai yatsu da citta mai ƙwaya da gangamau duk gidansu ɗaya da ita. Har furen nan da ke ƙarƙashin dawakan tambarin Nijeriya, wanda ke fitowa a dajinmu da farkon damina, waɗansu Hausawa na ce masa takalmin zomo, shi ma ɗan'uwansu ne na nesa.

ABIN DA YA AUKU A KUDANCIN KADUNA

Tun wajen shekarar 1927 a ka fara noman citta don ciniki a kudancin Lardin Zariya na wancan zamani, domin mutanen wurin su sami abin sayarwa kamar yadda Kano ta ke da gyaɗa. Sannu a hankali abin ya bunƙasa a ƙasar Jaba, wajen Kwoi, da Kaciya da Kagarko da kewayen Kafancan, har Nijeriya ta shiga sahun ƙasashe uku na gaba a duniya wajen noman citta, Indiya ce a kan gaba. Iri biyu manoman su ka fi shukawa, kuma sunayensu na Hausa ne: Tafin Giwa, mai kauri mai ruwan ɗorawa, da Yatsun Biri, siririya mai duhu da zafin yaji.

Da tsakiyar daminar 2023 sai ganye ya soma yin rawaya a gonaki, ya bushe kamar an babbake shi, in an tona kuma a tarar saiwar ta ruɓe. Kafin a farga ciwon ya game ƙananan hukumomi da dama. Hukuma ta ƙiyasta asarar manoma ta kai wajen Naira miliyan 12,000, a shekarar 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin yaƙi da annobar, ta ware Naira miliyan 1,600 don a tallafa wa manoman. Asarar ba ta tsaya ga amfanin shekara ɗaya ba. Da ya ke citta ba a shuka ta da ƙwaya, yatsunta a ke gutsurawa a binne, wanda gonarsa ta ruɓe ya rasa abin sayarwa, ya kuma rasa irin baɗi.

Ga darasin da ke ciki ga mutumin Wudil. Ciwon irin wannan a cikin saiwa ya ke tafiya, da cikin ƙasar da ta manne mata. Buhun citta da a ka ɗauko daga gonar da ta kamu, a ka sauke a Kano, a ka rarraba a kasuwannin ƙauye, yana iya zama lafiya lau ga mai dafa shayi, amma wanda ya binne shi a lambu ya binne ciwo tare da shi. Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

ƘASARMU DA RUWANMU

Kafin mutum ya zargi ciwo ko ƙwaro, sai ya fara auna bambancin wurin da tsiron ya saba da wurin da a ka kawo shi. A ƙasar Kano ruwan sama na shekara bai cika wuce inci 30 zuwa 35 ba, kuma cikin wata huɗu ya ke zuba, daga Yuni zuwa Satumba. A ƙasar Kaciya da Kwoi ya kan yi kusan ninkin wannan, damina kuma ta fi tamu tsawo. Citta mai yatsu tana bukatar wata 8 zuwa 9 kafin ta ƙosa, ko da ya ke a kan iya cire ɗanya bayan wata 5 ko 6. Citta mai fure ita ma sai ta yi watanni tana tara ƙarfi kafin ta fid da fure. Ashe ke nan daminarmu kaɗai ba ta isa, tilas sai an cika da ban ruwa gaba da baya.

Ƙasar Wudil kuma iri biyu ce ga mai lambu. Akwai jigawa, mai rairayi, wadda ba ta riƙe ruwa, da safe ka ba ta, da azahar ta bushe. Akwai fadama ta bakin kogi, mai laka, wadda ke riƙe ruwa fiye da kima, a waɗansu shekaru ma kogi ya yi ambaliya ya kwanta a kanta cikin Agusta ko Satumba. Citta ba ta son ko ɗaya daga cikin biyun yadda su ke. Abin da ta ke so shi ne ƙasa mai taushi mai taki, wadda kullum da danshi amma ruwa ba ya kwana a kanta.

Gyaran ba wuya. A haɗa ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, in ƙasar laka ce a ƙara rairayin kogi kashi ɗaya. Taki kuwa mutanen Wudil ba su da uzuri a kansa, ga kasuwar shanu a garinsu. Sai dai lalle ya zama wanda ya kwana biyu a juji ya huce, gama ɗanyen kashin shanu ya kan ƙone saiwa, ya kuma kira gara.

RUƁEWAR SAIWA

Wannan ita ce babbar wahala, ita ce kuma ta fi kashe citta a duk ƙasashen da a ke noma ta. Alamarta ita ce ganyen ƙasa ya fara rawaya daga gefe, rawayar ta yi ta hawa sama, gindin kara ya yi laushi ya jiƙe, in ka ja shi kaɗan sai ya tsinke a hannunka. In ka tona sai ka tarar da saiwar ta yi taɓo-taɓo tana ɗoyi. Masu kawo ta waɗansu irin fumfuna ne da ke zaune a ƙasa, masana na kiransu Pythium da Fusarium. Na farkon yana da 'ya'ya ƙanana waɗanda ido ba ya gani, masu iyo a cikin ruwa, shi ya sa da zarar ruwa ya kwanta a gindin shuka kwana biyu ko uku sai su bi shi daga wannan gindi zuwa wancan.

A nan ne al'adarmu ta lambu ta kan yaudari mutum. Mun saba da fangali, inda a ke dasa albasa ko tumatir a kwari a sako ruwa ya cika. Wannan dabara ce mai kyau ga kayan rani, amma citta in an sa ta a fangali da damina an haƙa mata kabari. Ita a kan tudu a ke shuka ta. A tā da kunya mai faɗi, tsawonta sama kamar ƙafa ɗaya, a yi mata hanyar da ruwa zai fita. A binne saiwar zurfin inci 2 zuwa 3 kaɗai, idonta na duban sama. Citta mai fure a bar ƙafa 2 tsakanin gindi da gindi, ta ci kuwa inci 8 zuwa 10 ya isa. Wanda zai shuka a tukunya ko bokiti, to, ya huda gindin da kyau, ya ɗora shi a kan duwatsu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, don ba ta ɗaukar zafi kamarta.

Wajen zaɓen iri, a ɗauki saiwa mai tauri mai nauyi, wadda ba tabo ba laushi, a karya ɗaya a duba cikinta ya zama fes, ba baƙi ba ruwa-ruwa. A yanka gunduwa-gunduwa, kowace da ido 2 ko 3, a shanya a inuwa kwana biyu bakin yankan ya bushe tukuna. Wuƙar kuma a riƙa tsoma ta a ruwan bilic ko a gasa ta a wuta tsakanin saiwa da saiwa. A ƙasashen da su ka daɗe da wannan noma a kan jiƙa iri a ruwan ɗumi mai digiri 50 har minti 10 kafin a shuka, don ya rage abin da ke ɓoye a ciki. Sai dai wannan aiki ne na mai ma'aunin zafi, gama in ruwan ya zarce haka ya dafa idon, ba zai tsiro ba.

Akwai kuma wata dabara da zafin ƙasarmu ya sauƙaƙa mana. Cikin Maris da Afrilu a gyara kunyar, a jiƙa ta sosai, a lulluɓe ta da farar leda mai nuna ciki, a danne gefenta da ƙasa, a bar ta mako 4 zuwa 6. Zafin da zai taru a ƙarƙashin ledar ya kan kashe da yawa daga cikin fumfuna da tsutsotsin da ke saman ƙasa.

CIWON YAUSHI

Akwai wani ciwo dabam wanda ya fi ruɓewa sauri. Shuka tana kore shar, ƙasa da danshi, sai ka ga ganye ya nannaɗe ya langaɓe kamar mai jin ƙishirwa, cikin 'yan kwanaki gindin duka ya mutu. Mai lambun da bai sani ba sai ya ƙara ruwa, alhali kuwa ƙarin ruwan yaɗa ciwon ya ke yi. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Ralstonia ke shiga jijiyoyin da ke kai ruwa sama ta toshe su.

Gane shi ba ya bukatar madubin likita. A yanko guntun kara daga gindi, a rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, a bar shi shiru minti kaɗan. In a ka ga wani abu fari kamar zaren madara yana sauka daga karan, to, shi ne. Ba shi da magani a kanti, kada kowa ya ɓata kuɗinsa. Abin yi shi ne a tumɓuke gindin duka da ƙasar da ke kewaye da shi, a ƙone, kada a zuba a juji, kada kuma a jefa a kogi ko a hanyar ban ruwa. Wurin kuma a hutar da shi daga citta shekara 3 ko 4, a shuka dawa ko gero ko masara, waɗanda ciwon ba ya kamawa.

Abin da ya sa mu ka tsananta a kan wannan shi ne, dangin ƙwayar cutar nan ne ke sa yaushin tumatir da gauta da attarugu da dankalin Turawa. Masana sun rarraba ta iri-iri, wata ta fi kama wannan shuka, wata waccan, amma mai lambu ba shi da hanyar da zai bambanta su da ido. Garin da mutane da yawa ke ci da iyalinsu daga kayan miya na fadama bai kamata ya yi wasa da ita ba. Don haka kada a shuka citta, ta ado ko ta ci, a inda a ka cire tumatir bara, kada kuma a sa ta a saman lambu inda ruwanta zai gangaro wa na ƙasa.

RANA DA HUNTURU

A ƙasarta ta asali wannan shuka a gefen kurmi da bakin rafi ta ke fitowa. Ranar bazara tamu, wadda ta kan wuce digiri 40 cikin Afrilu, tana ƙone bakin ganyenta ya yi ja ya bushe. Wurin da ya fi dacewa shi ne inda za ta sami hantsi, inuwa kuma ta rufe ta daga azahar, kamar gabashin ɗaki ko katanga, ko gefen inuwar mangwaro ko gwaba. A gefen inuwar fa mu ka ce, don in an kai ta can gindin itace inda rana ba ta leƙawa, sai ta yi ta ganye babu fure. Gindin darbejiya kuma bai dace ba, saiwoyinta za su shanye ruwan da takin.

Iskar hunturu ta fi rana ɓarna, don busasshiya ce ƙwarai, tana tsotse ruwan ganye ta yayyaga shi. A kafa dangar kara ko zana ta wajen arewa maso gabas inda iskar ke fitowa. A kuma rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa kaurin inci 2 zuwa 3, don ƙasa ta riƙe danshi ta yi sanyi.

Sa'an nan ga wani abu da ke sa mutane su yi asara a banza. In sanyi ya shigo, wajen Nuwamba ko Disamba, karan ya kan yi rawaya ya kwanta, sai mai shi ya ce ta mutu, ya haƙe ya yar. Ba mutuwa ta yi ba, barci ta ke yi, ranta na cikin saiwa. A yanke busasshen karan, a rage ruwa ƙwarai, sau ɗaya a mako ko abin da zai hana ƙasa ƙeƙashewa, a jira ɗumi ya dawo. Yawan ruwa a wannan lokaci shi ke ruɓar da ita. Wanda ba zai iya ban ruwa da rani ba, ya haƙe saiwar ya binne ta cikin rairayi mai ɗan danshi a tukunya, ya ajiye a ɗaki mai sanyi har Afrilu ko Mayu.

RAWAYAR GANYE DA ƘIN FURE

Ba kowace rawaya ce ciwo ba, kuma ganyen da ya fara yi shi ke faɗin dalili. In tsofaffin ganye na ƙasa ne su ka koɗe gaba ɗaya, gindi kuma da ƙarfinsa, yunwa ce, a ƙara taki. In sababbin ganye na sama ne su ka yi fari-fari amma jijiyoyinsu na nan kore, to, ƙasar ce ta yi kanwa-kanwa, ta hana saiwa shan sinadarin ƙarfe. Citta ta fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan. A gidajenmu abin da ya kan jawo haka shi ne zuba toka a gindi, da ba ta ruwan wanki mai sabulu, da dasa ta a bakin rariya ko jikin sabon siminti. A daina waɗannan, a ƙara ruɓaɓɓen ganye da taki, in da hali a riƙa ba ta ruwan sama da a ka tara. In kuwa bakin ganye ne ke ƙonewa, ga kuma farin gishiri a saman ƙasa, takin zamani ya yi yawa ko ruwan rijiyar yana da zartsi, sai a kwarara ruwa mai kyau da yawa sau ɗaya ya wanke shi ƙasa.

Ƙin fure kuwa dalilansa sanannu ne. Na farko ƙuruciya, ƙaramar gunduwa ta kan yi shekara guda tana kafa gindi kafin ta yi fure. Na biyu yawan inuwa. Na uku yawan yuriya, wadda ke sa ganye ya yi ta haɓaka. Kamfa ta fi dacewa, ita ma kaɗan, cikin cokali ɗaya ga gindi sau biyu a damina, a nesa da kara. Na huɗu ƙishirwa a tsakiyar girma. Na biyar cunkoso, gama saiwar tana yaɗuwa ta hau kan juna har ta fasa tukunya, don haka bayan kowace shekara 3 a haƙe a rarraba, a yar da tsohuwar tsakiya, a dasa na gefe. A kuma sani kowane kara sau ɗaya ya ke fure a rayuwarsa. Wanda ya gama a yanke shi daga ƙasa, amma wanda bai yi ba tukuna kada a datse kansa don a gyara tsawo, gama a ƙolin nan furen ya ke.

ƘWARI DA DABBOBI

Gara ita ce ta farko a ƙasarmu, kuma ciyawar da mu ka ce a rufe gindi da ita tana jawo ta. Sabo da haka kada ciyawar ta taɓa kara, a bar tazarar yatsu huɗu, a riƙa ɗagawa ana dubawa, in da shuri kusa a rushe shi. Fara da babe su kan ci ganye da ƙarshen damina, a ɗan ƙaramin lambu kamawa da hannu da sassafe ta isa. Akwai tsutsa mai huda kara, alamarta ƙaramin rami da gari-gari a bakinsa, ganyen tsakiya kuma ya bushe. A yanke karan a ƙone. Da rani kuma waɗansu jajayen ƙwari ƙanana ƙwarai, dangin gizo-gizo, su kan taru a bayan ganye su yi saƙa, ganyen ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa ƙura. Su busasshiyar iska su ke so, wanke bayan ganye da ruwa kullum da maraice ya kan kore su. Haka kuma darɓa, da wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye.

Maganin yawancinsu yana ƙofar gida. A daka 'ya'yan darbejiya rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da maraice sama da ƙasan ganye, a maimaita bayan mako guda. Wanda zai sayi maganin kanti ya nemi shawarar malamin gona tukuna, balle in tsiron a tsakar gida ya ke inda yara ke wasa.

Akwai kuma wata tsutsar ƙasa wadda ido ba ya gani, mai sa ƙananan saiwoyi su yi ƙulli-ƙulli, shuka ta tsumbure. Masu tumatir da kuɓewa sun san ta, ta fi yawa a ƙasa mai rairayi, raunin da ta ke yi kuma shi ne ƙofar da ruɓewa da yaushi ke bi su shiga. Yawan taki da ledar bazara da sauya wuri su ne maganinta. Awaki da kaji kuwa ba sai an faɗa ba, wanda bai yi shinge ba ya yi wa akuyar maƙwabci noma.

KADA A BAR TA TA KAI KOGI

Abin mamaki, tsiron da mu ke lallashi a nan ya zama bala'i a waɗansu ƙasashe. Rawayar nan da a ka kai tsibiran Hawai da Niyu Zilan da tsibiran Azores don ado ta tsere daga lambuna ta shiga daji, saiwarta ta shimfiɗe ƙasa kamar tabarma har 'ya'yan itatuwa su ka kasa tsirowa, yanzu tana cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna da masana su ka tsara. Farar kuma ta cika bakin rafuka da fadamu a Barazil. A Afirka ta Kudu doka ta hana shuka su duka biyu.

A kan tudu ranin ƙasarmu ya isa ya tsare ta, amma bakin kogi wani abu ne dabam. Tun da a ka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin da ya ratsa Wudil ya kan sami ruwa har da rani, gaɓarsa kuma da danshi. Mutanen Haɗejiya da Nguru, waɗanda wannan ruwa ke gangara musu, sun ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su. Mutanen Ikko kuma sun ga yadda wata ciyawar ruwa mai shuɗin fure, wadda asali don ado a ka fid da ita daga Amurka ta Kudu, ta bayyana a ruwansu a 1984 ta hana jiragen ruwa wucewa. Guntun saiwa ɗaya da ambaliya ta ɗauka ya isa ya kafa gindi a wani wuri. Don haka citta mai fure a tsakar gida ko a tukunya ya kamata ta zauna, abin da a ka rage wajen rarrabawa kuma a shanya shi ya bushe a ƙone.

INDA ZA A NEMI TAIMAKO

Mutanen Sabon Gari suna da sa'ar da garuruwa da yawa ba su da ita. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da a ka buɗe a Wudil a 2001, wadda a ka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, tana da sashen koyar da aikin gona. Akwai malaman gona na hukumar KNARDA, akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Bagauda, ga kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya. Binciken citta kanta yana hannun cibiyar Umudike ta Jihar Abiya. Wanda ya ga alamar da bai gane ba, ya tumɓuke gindi ɗaya da saiwarsa, ya ƙulle a leda, ya kai wa malamin gona, kada ya tsaya sai ciwon ya game lambu.

Shawararmu ga mai son gwadawa ita ce ya fara da kaɗan, gindi 3 ko 4 a tukwane, daga hannun wanda ya ga shukarsa da idonsa tana lafiya. Ya tsirar da su a inuwa cikin Afrilu, ya fid da su in ruwa ya zauna, ya ci gaba da ban ruwa har ƙarshen Oktoba. In shekara ta kewayo ba ruɓewa ba yaushi, sa'an nan ya rarraba ya ƙara, ya kuma sam wa maƙwabci. Wanda ya bi wannan hanya, in ya yi asara ta tukunya ɗaya ce, fadamar gari kuma tana nan lafiya ga masu tumatir da albasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.